Funfunar da ta ba duniya penisilin: halitta ɗaya ce ko uku?

Wani ɗalibin ilimin halittu ya aiko da tambaya: "A wani littafi na ga an ce funfunar da Fleming ya samo penisilin daga gare ta sunanta Penicillium notatum, a wani kuma Penicillium chrysogenum, kwanan nan sai ga Penicillium rubens. Halittu uku ne ko ɗaya? Kuma a ina take a tsarin rarraba halittu, tunda ita ba tsiro ba ce ba dabba ba?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Funfunar da ta faɗa farantin Alexander Fleming a asibitin St Mary's da ke Landan a 1928 guda ɗaya ce, kuma sunan da masana suka tsaya a kai tun 2011 shi ne Penicillium rubens. Sunan notatum ya daina aiki, an haɗe shi cikin chrysogenum. Shi kuwa chrysogenum yana nan daram, sai dai na wani nau'i ne dabam, ɗan'uwanta na kusa da ido ba ya iya raba su. Littattafanka ba ƙarya suka yi ba, kowanne ya rubuta abin da aka sani ne a zamaninsa. Amma ba za ka gane dalilin sauyin ba sai ka san halittar kanta, don haka da ita zan fara.

Wannan kore-koren da kake gani a jikin bango mai damshi ko lemon da ya ruɓe, wanda ke tashi idan an taɓa shi, ba shi ne jikin funfunar ba. Ƙwayoyin irinta ne. Jikin yana ciki, ya nutse cikin abin da take ci: zaruruwa ne sirara, kaurin kowanne 'yan maikuromita kaɗan, wato kowace maikuromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita. Zaren daga bakinsa kawai yake ƙara tsawo. A can baki ake kai kayan gini ana shimfiɗa sabon bango, bayansa kuma yana taurarewa yana fitar da rassa, kowane reshe ya zama sabon baki. Shi ya sa idan ƙwaya ɗaya ta sauka a wuri mai abinci sai ta yaɗu a zagaye, tsohon sashe a tsakiya, sabo a gefe.

Bangon zaren da kaitin da gulukan aka gina shi. Kaitin shi ne sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwari, ba selulos ɗin tsirrai ba. Ba ta da koren sinadarin da ganye ke kama hasken rana da shi, don haka ba ta haɗa abincin kanta. Ba ta kuma haɗiye abinci kamar dabba. Narkarwa take yi a waje: sai ta zubo enzayim a kan abin da ta kwanta a kai, su farfasa sitaci da furotin da sauransu, sannan ta tsotse ta jikin bangon. Ragowar kuzarin da ta samu a gilaikojin take ajiye shi, irin ajiyar da hantar dabba ke yi.

Akwai abu ɗaya a cikin zaren da nake son ɗalibai su riƙe, domin yana da amfani wajen rarrabawa. Zaren Penicillium a yanke yake ɗaki-ɗaki da bangaye na tsakiya, kowane bango da ƙaramar ƙofa da ruwan ciki ke ratsawa, har cibiyoyin ƙwayar halitta ma suna wucewa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Kusa da ƙofar akwai wasu 'yan dunƙulen furotin da ake kira jikkunan Woronin, da sunan masanin Rasha Mikhail Woronin. Idan zaren ya tsinke a wani wuri, nan take ɗaya daga cikinsu zai toshe ƙofar don kada sauran jikin ya tsiyaye. Funfunar nan mai gashi-gashi da baƙaƙen kawuna da ke cin burodi, Rhizopus, ba ta da wannan tsari, zarenta kusan a buɗe yake daga farko har ƙarshe. Ita tana cikin Mucoromycota, nesa ƙwarai da Penicillium. Ka ga ke nan funfuna salon rayuwa ce da halittu masu nisan dangantaka suka yi tarayya a kai, ba gida ɗaya ba ne a tsarin rarrabawa.

Idan ana son tantance Penicillium a ɗakin gwaji, akwai ƙa'idar da kowa ke bi don sakamakon wani ya yi daidai da na wani. Ana ɗiga ƙwayoyin iri a wurare uku a kan faranti mai abinci sananne, mafi shahara shi ne wanda ake kira CYA, a rufe a ajiye a duhu a zafin digiri 25 na Salshiyos har kwana 7. Ran da ka buɗe, P. rubens za ta ba ka da'irori uku masu faɗin kusan santimita 3 zuwa 4. Samansu lallausa ne, shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, da farin baki a gefe inda zaruruwa ba su fara fitar da iri ba. Akwai tsaga-tsaga da suka taso daga tsakiya zuwa gefe. Sau da yawa za ka ga ɗigo-ɗigon ruwa rawaya suna ƙyalli a sama, idan ka juya farantin kuma bayansa ya yi rawaya ko fari-fari. Sai ka yanko ɗan salatef, ka taɓa shi a hankali a wurin da fari ya haɗu da kore, ka kwantar da shi a kan gilashi da ɗigon ruwan rini. Kada ka ɗebo daga tsakiya, can ƙwayoyin sun yi yawa, ba abin da za ka gani sai tarin ƙura. Masu aikin kan ƙara ɗigon alkohol, domin ƙwayoyin suna da rufin furotin da ke korar ruwa, ba sa jiƙa da sauƙi.

Abin da zai bayyana a madubin maikuroskof ya yi kama da 'yar tsintsiya a tsaye. Sanda ce ɗaya ta taso daga zaren, ta rabu zuwa rassa, rassan suka rabu zuwa gajerun sanduna da ake kira metula, kowace metula kuma tana ɗauke da wasu ƙwayoyi masu siffar kwalba da ake kira fiyalid. Daga bakin fiyalid ne ƙwayoyin iri, konidiya, ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, sabuwa tana tura tsohuwa gaba, har su zama doguwar sarƙa. Wadda ke can ƙarshen sarƙar ita ce babba, wadda ke bakin kwalbar ita ce jaririya. Kowace ba ta wuce maikuromita 3 zuwa 4 ba, santsi gare ta, kusan zagayayya. Saboda wannan siffa ce masanin Jamus Heinrich Friedrich Link ya raɗa wa jinsin suna Penicillium a 1809, daga kalmar Latin ta buroshin zane. Yawan matakan rabuwar rassan shi ne abin da masana suka fi dogara da shi shekara da shekaru: wasu nau'o'in hawa ɗaya gare su, wasu biyu, P. rubens da danginta kuwa uku.

Halin rayuwarta ma yana bayyana inda ake samunta. Ta fi jin daɗin zafin digiri 23 zuwa 25, tana iya girma a hankali cikin sanyin firji, amma a digiri 37, zafin jikin mutum, da ƙyar take motsi ko ta tsaya cak. Wannan ne babban dalilin da ya sa ba kasafai take kama mutum ba, sai wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai. Tana jure gishiri da ƙarancin ruwa. A ma'aunin damshin da halitta ke iya amfani da shi, inda ruwa zalla yake 1.0, yawancin bakteriya sukan tsaya idan an sauko kusan 0.90, ita kuwa tana ci gaba har kusan 0.80. Shi ya sa tana cikin funfunar da aka fi samu a ƙurar ɗakuna da gine-ginen da ruwa ya taɓa a duk faɗin duniya, kuma ƙwayoyinta na tayar wa masu asma da masu atishawar ƙura ciwonsu.

Yanzu ga matsayinta. Tun zamanin Linnaeus, masanin da ya kafa tsarin raɗa wa halittu suna, an daɗe ana lissafa naman gwari, wato babban gidan da funfuna take ciki, cikin tsirrai, don ba ya tafiya kuma yana da bango. A 1969 Robert Whittaker ya ware masa masarauta ta kansa, Fungi. Da aka fara kwatanta DNA a farkon shekarun 1990 sai ta bayyana cewa naman gwari ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai, abin da kaitin da gilaikojin suka daɗe suna nunawa. A cikin masarautar, P. rubens tana ƙarƙashin babban rukunin Ascomycota, masu haifar iri a cikin 'yar jaka, rukunin da yis ɗin burodi ma yake ciki. Daga nan sai ajin Eurotiomycetes, sai jerin Eurotiales, sai dangin Aspergillaceae inda take zaune tare da Aspergillus, sai jinsin Penicillium, sai sashen Chrysogena, sannan nau'in rubens. Idan littafinka ya ce danginta Trichocomaceae ne, tsohon tsari ne. A 2011 Jos Houbraken da Robert Samson suka raba wancan dangi gida uku, Penicillium ta faɗa Aspergillaceae. Jinsin kansa babba ne: lissafin da aka fitar a 2014 ya amince da nau'i 354, na 2020 ya kai 483.

Labarin sunayen kuwa ga yadda ya gudana. Da Fleming ya dawo daga hutu a watan Satumban 1928 ya ga funfuna ta hana bakteriyar Staphylococcus girma a kewayenta, shi masanin bakteriya ne, ba na naman gwari ba. Sai ya nemi taimakon La Touche, wanda ke nazarin funfuna a hawan da ke ƙasa da nasa. La Touche ya ce ta fi kama da Penicillium rubrum, kuma da wannan suna ta fito a takardar Fleming ta 1929. A nan ka yi hattara, rubrum dabam, rubens dabam. Ita rubrum yanzu ma ta bar jinsin gaba ɗaya, ta koma Talaromyces. Bayan haka Charles Thom, babban masanin Penicillium na Amurka, ya duba tsatson, wato zuriyar funfunar Fleming da ake renonta a ɗakin gwaji, ya ce P. notatum ce, nau'in da Westling ɗan Suwidin ya bayyana a 1911. Da wannan suna ta shiga tarihi, da shi aka san ta lokacin da Howard Florey da Ernst Chain da Norman Heatley suka tace maganin a Oxford a 1940, da lokacin da Fleming da Florey da Chain suka karɓi kyautar Nobel a 1945.

Ana cikin yaƙin duniya na biyu sai buƙatar maganin ta fi ƙarfin tsatson Fleming, don abin da yake fitarwa kaɗan ne, kuma ba ya yin kyau a cikin manyan tankuna. Ɗakin binciken ma'aikatar noma ta Amurka da ke Peoria a jihar Illinois ya shiga neman wanda ya fi shi daga sassan duniya. A 1943 aka dace da shi a jikin wani kantalof, ɗan itace dangin kankana, da ya yi funfuna a garin Peoria ɗin kansa. Aka ba shi lamba NRRL 1951, aka ce P. chrysogenum ne, nau'in da Thom da kansa ya bayyana a 1910. Daga nan littattafai suka riƙa cewa Fleming ya gano penisilin a notatum, masana'antu kuma suna amfani da chrysogenum, kamar halittu biyu.

A 1977 Samson da abokan aikinsa suka sake duba tsatsuna masu yawa suka ga bambancin da ake ambata tsakanin biyun, na launi da yawan rassa, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tsatso guda yakan sauya kama idan an sauya masa abinci ko ya daɗe a ajiye. Sai suka haɗe su nau'i ɗaya. Dokar sunaye ta ce wanda ya riga fitowa shi ke ci, 1910 kuma ta riga 1911, don haka chrysogenum ya tsaya, notatum ya kwanta.

To amma kama da wane ba ta wane. Da karanta DNA ya yi sauƙi, masu binciken funfunar cikin gidaje suka lura cewa abin da ake kira chrysogenum ya kasu rukuni-rukuni da ba sa cakuɗuwa, alhali ana samunsu a wuri ɗaya. A 2011 Houbraken da Samson na cibiyar naman gwari da ke Utrecht a Holand, tare da Jens Frisvad na Denmak, suka kwatanta jerin DNA na wasu ƙwayoyin gado, wato sassan DNA da ke ɗauke da halayen da ake gada, ciki har da na beta-tubulin da kalmodulin, suka haɗa da sinadaran da kowane tsatso ke fitarwa. Sai ga shi tsatson Fleming da na Peoria duk sun faɗa rukuni ɗaya, kuma ba rukunin da asalin chrysogenum na Thom yake ciki ba ne. Da aka nemi tsohon sunan da ya dace da wannan rukuni, sai aka same shi a aikin Philibert Biourge ɗan Beljiyam na 1923, wato P. rubens. Ashe funfunar Landan da ta Peoria, waɗanda aka ba suna biyu shekaru da dama, nau'i ɗaya ne tun asali.

Ra'ayina a nan shi ne hukuncin 2011 ya fi waɗanda suka gabace shi ƙarfi, domin bai tsaya kan shaida ɗaya ba. Ƙwayoyin gado daban-daban sun ba da amsa iri ɗaya, sinadarai kuma sun goyi baya. Wannan ba ya nufin a ajiye maikuroskof. Da shi za ka san kana hannun Penicillium, har ka kusanci sashenta. Amma duk wanda ya dubi faranti da ido ya ce maka wannan rubens ce ba chrysogenum ba, ya faɗi abin da ido ba ya bayarwa. Ko guntun DNA ɗin da aka amince da shi a 2012 a matsayin shaidar tantance naman gwari baki ɗaya, wanda ake kira ITS, ba ya wadatarwa a wannan sashe, sai an ƙara da beta-tubulin. Idan kana karanta takardun bincike, lambar tsatso ta fi sunan amfani. Takardu da yawa, har da na bayan 2011, suna rubuta P. chrysogenum alhali tsatson da suka yi aiki da shi jikan na Peoria ne. A jarrabawa kuma ka rubuta Penicillium rubens, harafin farko na jinsi babba, na nau'i ƙarami, ka ja layi a ƙarƙashi, ka ƙara da cewa a da an san ta da notatum da chrysogenum. Malamin da ke kan tsohon littafi ma zai gane ka san abin da kake yi.

Akwai wani rikicin suna da za ka ci karo da shi. An daɗe ana sa Penicillium cikin rukunin da ake kira Deuteromycota, wato naman gwarin da ba a taɓa ganin yana haihuwa ta hanyar haɗuwar jinsi biyu ba. Idan aka ga wani nau'i ya yi irin wannan haihuwa sai a ba wannan siffar tasa suna na biyu, Eupenicillium ko Talaromyces, halitta ɗaya ta zama da suna biyu a hukumance. Taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbourne a 2011 ya soke wannan, daga 1 ga Janairun 2013 kowane naman gwari suna ɗaya gare shi. Ita funfunar penisilin sama da shekara 100 ana ɗaukarta marar aure. A 2013 masu bincike a Bochum ta Jamus da Nottingham ta Ingila suka haɗa tsatsuna biyu masu jinsi mabambanta a kan abincin da aka ƙara wa bayotin, wani nau'in bitamin, suka bar su a duhu makonni. Suka samu 'yan ƙwallaye rufaffu ɗauke da jakunkunan iri, kuma 'ya'yan da suka fito sun gauraya halayen iyayen biyu. Wannan ya tabbatar a zahiri abin da DNA ta riga ta nuna, cewa gidanta Ascomycota ne.

Penisilin ɗin kansa daga wasu sinadarai uku da ake kira amino asid take haɗa shi: aminoadifik, sisteyin da balin. Ƙwayoyin gado uku ne ke kula da aikin, pcbAB da pcbC da penDE, suna jere a wuri ɗaya a kan kuromozom. Na farko yana ɗinke ukun, na biyu yana lanƙwasa su ya samar da zoben nan mai kusurwa huɗu wanda shi ne makamin, na uku yana sauya jelar sinadarin ya zama penisilin G idan akwai fenil-asetik asid a abincinta. Zoben yana hana bakteriya ɗinke bangonta, sai ta fashe lokacin da take ƙoƙarin girma. Ita funfunar ba abin da ke samunta, tunda bangonta na kaitin ne. Biyun farko daga cikin ƙwayoyin gadon suna da siffar na bakteriya, shi ya sa masana da yawa suke ganin daga bakteriya kakanninta suka samo su tun da daɗewa. Tsatson Peoria kuwa an yi ta haska shi da hasken eksre da na ultrabayolet ana zaɓen 'ya'yan da suka fi yawan magani, musamman a jami'ar Wisconsin. Ɗaya daga zuriyar, Wisconsin 54-1255, shi aka karanta dukkan DNA ɗinsa a 2008, aka samu haruffa kusan miliyan 32 da ƙwayoyin gado sama da 13,000. Tsatsunan masana'antu na yau suna ɗauke da kwafi da yawa na jerin nan na uku. Asalin tsatson Fleming, wanda ake adana shi da rai har yanzu, sai a 2020 aka karanta nasa.

Abu na ƙarshe, kuma ina faɗinsa da gaske domin ɗalibai sukan yi wannan tunani: kada jin cewa Penicillium na yin magani ya sa wani ya ci abin da ya yi koren funfuna ko ya shafa shi a rauni. Nau'o'i kaɗan ne cikin ɗaruruwan nan ke yin penisilin, kuma ka riga ka ga ido ba ya raba su. P. expansum da ke ruɓar da tuffa tana fitar da guba mai suna fatulin. P. verrucosum da ke kama hatsi a ajiya tana fitar da okratoksin A, mai lalata ƙoda. P. digitatum ta jikin lemo ba ta yin penisilin ko kaɗan. Ita rubens ɗin ma, ban da maganin, tana fitar da wasu sinadarai irin su rokfotin C, kuma ɗan penisilin ɗin da tsatson daji ke yi bai kai ya warkar da kowa ba, amma ya isa ya tayar wa wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin matsala.